Idan rana ta yi amai: abin da ya shafi Goronyo da Rabah

A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024, guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003 ta faɗa wa duniya. A Amurka, taraktocin da ke shuka da taimakon GPS sun rikice a tsakiyar gona. Mutumin Taloka, a ƙaramar hukumar Goronyo, zai iya cewa wannan damuwar Turawa ce. Ba haka ba ne.

Abu biyu rana ke yi idan igiyoyin maganaɗisunta suka harɗe suka tsinke. Na farko walƙiya ce, haske mai tsananin ƙarfi da ke isowa duniya cikin kimanin minti 8. Ganinta shi ne isowarta, don haka ba ta da gargaɗi. Na biyu amai ne: biliyoyin tan na iska mai ɗauke da lantarki da rana ke watsowa, wanda kan kwashe daga sa'o'i 15 zuwa 'yan kwanaki a hanya. Ba kowace walƙiya ke zuwa da amai ba, amma mafi yawan manyan, waɗanda masana ke wa lakabi da X, tare suke tafe. An daɗe ana zaton walƙiyar ce ke haifar da aman. Yanzu ra'ayin da ya rinjaya shi ne tagwaye ne, tsinkewa ɗaya ta haife su. Walƙiya sallama ce, baƙon yana baya.

Walƙiya kan kashe rediyon gajeren zango a ɓangaren duniyar da ke cikin yini. Haka ta faru a Satumban 2017 a yankin Karebiyan, daidai lokacin da masu agaji ke fama da guguwar Irma. Aman kuwa kan dagula saman sararin samaniya, ya sa GPS kuskuren wuri, ya kuma taɓa taurarin ɗan adam. A Fabrairun 2022, Starlink ya yi asarar 38 daga cikin 49 da ya harba. Ga shi layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, inda dama saƙon taurari kan yi rawa bayan faɗuwar rana.

Gabashin Sakkwato ya san tsadar shiru. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Goronyo da Rabah, kuma a cikin wannan shirun aka kai harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba, aka kashe mutane sama da 40. Aikin tsaro a dazukan yankin ya dogara da rediyo, GPS da jirage marasa matuƙa, wato kayan da rana ta fi iya taɓawa.

Kada dai a bar hukuma ta laƙa wa rana laifin da ba nata ba. Babban layin wutar ƙasar nan yana faɗuwa ba tare da taimakon kowace walƙiya ba. Tambayar da ta cancanci 'yan majalisa su yi ita ce ta tazarar nan da ke tsakanin walƙiya da amai. Hukumar NASRDA tana da cibiyar nazarin sararin samaniya a Anyigba, jihar Kogi. Idan gargaɗi ya fito, wa ke isar da shi ga kwamandan da ke Wurno, kuma cikin sa'o'i nawa?