Ɗalibin Fiziks Ba Sai Ya Zama Mujiya Ba

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman 'yan fiziks.

Akwai nasihar da ake yi wa sababbin shiga: wai mai karanta fiziks ya manta da abokai, daga aji sai laburare sai gado. Ni dai ban yarda ba.

Gaskiya ne kwas ɗin nan ba ya yafe bashi. Lissafin da ka yi wasa da shi a aji ɗaya, shi zai tare ka a darasin lantarki da maganaɗisu a aji uku. Ba a haddace shi daren jarrabawa, sai ka zauna da biro ka warware tambayoyi da hannunka. Kuma a ma'aunin maki 5.00, in ka gaza 3.50, ƙofofin tallafin karatu da yawa sun rufe.

Amma fa fiziks ba aikin mutum ɗaya ba ne. A 2012 da aka gano ƙwayar Higgs a cibiyar CERN, dubban masana ne suka haɗa hannu. Einstein kansa, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a birnin Bern, yana da 'yar majalisarsa ta abokai, su karanta littafi su yi musu. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Italiya a 1964 tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe irin namu, amma sai da wasiƙar shaida daga malamanka. Malamin da bai taɓa jin muryarka ba, me zai rubuta?

Matsalarmu a nan ba yawan mu'amala ba ce, irin mu'amalar ce. Mun zo Ibadan ko Legas ko Nsukka, kewar gida ta kama mu, sai mu dunƙule mu kaɗai. Bayan isha'i a wajen mai shayi har sha biyu, hirar siyasa da ƙwallo. Asabar a tafi Sabo cin tuwo. Ba laifi, rai na so. To amma abokan ajinka Yarbawa da Inyamurai, waɗanda ke da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, suka san inda ake samun gurbin SIWES mai kyau, ko sunanka ba su sani ba. Wallahi wannan asara ce.

Ga yadda nake ganin abin. Ka ware awa biyu ko uku kullum, waya a kashe, ko wa ya zo ka ce sai an jima. Ka riƙe ƙungiya ɗaya da gaske, MSSN ko ta jiharku, ba kowane muƙami za ka karɓa ba. Ka shiga rukunin karatu da waɗanda ba yarenku ɗaya ba. Bikin ɗan uwa a gida ana saura sati biyu jarrabawa? Kira shi, tura gudunmawa, ka zauna. Mai ƙaunarka zai fahimta.

Ke ma 'yar uwa, kunya ba ta hana tambaya a aji. Ɗaga hannu.

Iyayenmu ba su biya kuɗin mota tun daga Katsina ko Yola don mu dawo da labarin majalisa kawai ba. Ba su kuma turo mu mu dawo ba mu san kowa ba.

'Yan aji huɗu, ku faɗa wa ƙannenku yadda kuka yi. Allah Ya ba mu sa'a.