Ɗan kama da hukumomin Abuja

A 1984 wani ɗan barkwanci a Amurka, Weird Al Yankovic, ya ɗauki "Beat It" ta Michael Jackson, waƙar nan mai kukan jitar rok, ya bar kiɗan yadda yake, ya zubar da baitocin, ya cika gurbinsu da faɗan da ake yi wa yaron da ya ƙi cin abinci. Har kyautar Grammy ya ci da ita. Bahaushe in ya ji haka sai dai ya yi murmushi, don sana'ar 'yan kama ce tsaf. Ɗan kama yakan tsaya tsakiyar kasuwa ya ari waƙar babban makaɗi, inda aka ambaci sarki ya sa tuwo, inda aka wasa jarumi ya wasa miyar kuka, yana lumshe ido yana karya wuya irin na mai waƙar, jama'a na riƙe ciki.

A can Amurka rigimar ta kuɗi ce. Masu haƙƙin "Oh, Pretty Woman" ta Roy Orbison sun kai ƙungiyar 2 Live Crew ƙara kan juya waƙar, a 1994 Kotun Ƙoli ta ce kwaikwayon barkwanci na iya halatta ko da an sayar da shi. Mu ma mun iso nan a takarda: dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ware wa irin wannan kwaikwayo da shaguɓe gurbi. Madalla.

To amma wane ɗan barkwanci ne a ƙasar nan mai waƙa ya hana shi barci? Marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi "Ibro Awilo", ya kwaikwayi Awilo Longomba na Kwango son ransa, ya kwana lafiya. Wata biyun da kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa a Kano a 2008 a kan fim ɗin "Ibro Aloko" ne, bisa zargin saɓa ƙa'idar tace finafinai, ko da yake mutanen gari da dama sun ce wata waƙa ce a ciki ta sosa wa manya inda ba ya musu ƙaiƙayi.

Haka mawaƙi Falz. A 2018 ya juya "This Is America" ta Childish Gambino ta koma "This Is Nigeria". Hukuncin daga Abuja ya fito: NBC, hukumar da ke kula da kafafen watsa shirye-shirye, ta hana gidajen rediyo sa ta. A 2025 ta sake yi wa Eedris Abdulkareem haka kan "Tell Your Papa", kuma a ganina talla kyauta ta yi masa, don a waya mutane suka je suka saurara.

Hukumar haƙƙin mallaka da NBC duk a Abuja suke zaune, gwamnati ɗaya ke biyan su albashi. Ɗaya ta ce wa ɗan kama ga fili, ɗayar ta tsaya bakin filin da bulala. Majalisar da ta yi dokar haƙƙin mallakar ya kamata ta kira NBC ta fayyace, a rubuce, wane irin shaguɓe ne laifi.