Payra da Matarbari: Yadda kwal ya gina wa Bangaladash tashoshin ruwa biyu, laka ta cinye ɗaya

A farkon watan Yunin 2023, ana tsakiyar zafi mai tsanani, tashar lantarki ta Payra da ke kudancin Bangaladash ta tsaya cak. Babu injin da ya lalace. Kwal ne ya ƙare, domin ƙasar ba ta da isassun dalolin da za ta biya bashin wanda ta riga ta ƙona. Tasha ce mai ƙarfin megawat 1,320, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar, don haka tsayawarta ta jefa miliyoyin mutane cikin ɗauke wuta na sa'o'i a kullum har kusan ƙarshen watan, lokacin da wani jirgin kwal ya iso daga Indunusiya.

Bangaladash na da mahaƙar kwal guda ɗaya tak mai aiki, wato Barapukuria da ke arewa, kuma abin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba. Da iskar gas ɗin cikin gida ta fara ja da baya, gwamnatin Sheikh Hasina ta yanke shawarar gina manyan tashoshin lantarki masu amfani da kwal a bakin teku, a riƙa shigo da makamashin daga waje. Sai dai tasha irin Payra na cin fiye da tan 10,000 a rana idan tana aiki gadan-gadan, kuma wannan ba kayan da za a yi ta ɗiba da ƙananan jirage ba ne. Tashar jiragen ruwa ta Chattogram, wadda kusan duk kasuwancin ƙasar da waje ke bi ta cikinta, tana bakin kogi ne, jirgin da cikinsa ya nutse fiye da mita 10 ba ya shiga. Wato kafin a samu wuta, sai an fara samun ruwa mai zurfi.

An ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Payra a gundumar Patuakhali a 2013, ta fara aiki sama-sama a 2016, da alƙawarin cewa za ta zama tasha mai zurfi. Matsalar ita ce wurin da aka zaɓa. Yana kusa da inda kogunan Ganges da Brahmaputra da Meghna ke zuba cikin teku, ɗauke da laka da yashi kimanin tan biliyan ɗaya a shekara. Jirgi kuma sai ya bi mashigin Rabnabad mai tsawon kusan kilomita 75 kafin ya kai gaɓa. Jiragen kwal na farko da suka fara zuwa a 2019 da rabin lodi suke shigowa don kada su kafe. Lissafin a bayyane yake: jirgin da aka yi haya cikakke ya kawo rabin kaya, kuɗin dakon kowane tan ya tashi, daga ƙarshe ya faɗa kan farashin lantarki.

A 2021 gwamnati ta janye batun mayar da Payra tasha mai zurfi, amma ba ta janye hannunta daga kashe kuɗi ba. An ba kamfanin Jan De Nul na Beljiyam aikin yashe mashigin a kan kusan yuro miliyan 500, kuma daga asusun ajiyar kuɗaɗen waje na ƙasar aka ciro kuɗin. A ganina nan ne babban kuskuren yake. Wannan asusu ya kai kusan dala biliyan 48 a watan Agustan 2021, ya ba mahukunta ƙarfin gwiwar taɓa shi. Cikin shekara biyu, bayan yaƙin Yukren ya ɗaga farashin makamashi, ƙasar ta koma wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya ta karɓi rancen dala biliyan 4.7. A Maris ɗin 2023 aka sanar cewa zurfin mashigin ya kai mita 10.5. Bayan wata uku tashar lantarkin ta tsaya saboda babu dalar sayen kwal ɗin da aka yashe mashigin domin shi.

Ita kuwa laka ba ta san kwangila ta ƙare ba. Da aka daina yashewa, mashigin ya sake cikewa, aka koma sauke kwal daga manyan jirage zuwa ƙanana a can cikin teku. A 2025, bayan faɗuwar gwamnatin Hasina, mai ba gwamnatin riƙon ƙwarya shawara kan tsare-tsare, Wahiduddin Mahmud, ya kwatanta Payra da maruru a jikin tattalin arzikin ƙasar. Amma rufe ta ba zai yiwu ba, tunda tashar lantarkin da aka gina tare da wani kamfanin gwamnatin Sin tana nan, kuma cikinta ba ya jiran muhawara.

Labarin Matarbari, can kudu maso gabas a yankin Cox's Bazar, ya fara ne daga ƙasa. Ba a yi shelarta a matsayin babbar tasha ba tun farko. Hukumar JICA ta Japan ta ba da rancen gina tashar lantarki mai megawat 1,200, aka haƙa mata mashigi mai tsawon kilomita 14.3 don jiragen kwal su riƙa kaiwa har gindinta. Da yake teku a wannan ɓangare na da zurfi tun daga kusa da gaɓa, sai aka ga cewa in an faɗaɗa mashigin zuwa mita 350, aka zurfafa shi zuwa mita 18.5, ƙasar ta samu abin da ta shekara da shekaru tana nema. A Afrilun 2023 jirgi mai ɗauke da kwal fiye da tan 60,000 ya tsaya a can, irin jirgin da Chattogram ba ta taɓa iya karɓa ba.

Akwai siyasa a ƙarƙashin wannan ma. Ƴan kilomitoci kaɗan daga Matarbari akwai tsibirin Sonadia, inda aka daɗe ana maganar Sin za ta gina tasha mai zurfi. An yi ta jan ƙafa har aka soke aikin a 2020, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Indiya ba ta so ganin Sin a wannan gaɓa ba. Japan ce ta ci gajiyar.

Zurfin ruwa bai kare Matarbari daga ɗaya ciwon ba. A ƙarshen 2024 ita ma tashar lantarkinta ta tsaya na makonni saboda kwal ya yanke, wannan karon sakamakon takaddama kan kwangilar sayo shi. Tashar Rampal da aka gina tare da Indiya kusa da dajin Sundarbans ta sha irin wannan tsayawa a 2023. Ga kuma haɗarin dogaro da mai sayarwa guda: a Janairun 2022 Indunusiya ta dakatar da fitar da kwal na wani ɗan lokaci don ta wadata tashoshinta na gida, kuma babu abin da ya hana ta sake yin haka.

Kasuwar da aka gina waɗannan tashoshi dominta ma tana ƙanƙancewa. A Yunin 2021 Bangaladash ta soke tashoshin lantarki goma masu amfani da kwal da ke kan takarda, a 2022 kuma Japan ta janye daga biyan kuɗin kashi na biyu na Matarbari. Saboda haka kwal ɗin da zai riƙa shigowa ba zai kai abin da aka yi hasashe ba lokacin da ake zana taswira. Payra ba ta da wani babban abin da za ta maye gurbinsa da shi, ga kuɗin yashewa na kowace shekara. Matarbari na da mafita: tufafin da masaƙun Bangaladash ke aikawa Turai da Amurka yanzu sai an kai su Kolambo ko Singafo ko Port Klang a ƙananan jirage kafin a ɗora su kan manya. A Afrilun 2025 hukumar tashar Chattogram ta sa hannu da kamfanonin Japan biyu, Penta-Ocean da TOA, kan gina wurin sauke kwantenoni a Matarbari, domin manyan jiragen su riƙa zuwa da kansu.