Kada Mu Yar da Tsohuwar Takardar Fam

Jama'a, akwai wani abu da yake ɓacewa a gidajenmu ba mu kula ba, watau tsofaffin takardun kuɗi na zamanin samun mulkin kai. Waɗansu suna ƙasan adakar kaka gara tana ci, waɗansu kuwa yara sun yage wajen wasa. Ra'ayina shi ne mu da muke koyon aikin malanta ya kamata mu tattara su, domin kowace ɗaya darasi ce.

Ga dalili. Tun 1912 wata hukuma ta Ingila ce take yi mana kuɗi, mu da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fid da takardunsa na fari, na sule biyar, da sule goma, da fam ɗaya, da fam biyar. A 1965 aka sake su don ƙasa ta zama jamhuriya. A 1968 aka kuma sake su saboda yaƙin basasa. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka shigo, fam ɗaya ya zama naira biyu. To, yaron da ya riƙe waɗannan takardu a hannu bi da bi, ai ya fi wanda aka haddace wa shekarun a allo ganewa.

Wani zai ce kuɗin da ba ya sayen ko gishiri, ina amfaninsa? Sai ya dubi Latbiya, wata ƙaramar ƙasa a Turai. Ta sami mulkin kai a 1918, ta buga takardun kuɗinta a 1919, a 1922 kuma ta kafa kuɗin da ake kira lats. Tarayyar Sobiyet ta mamaye ta a 1940, aka soke lats. Amma mutane suka ɓoye azurfar lats biyar mai hoton wata budurwa, suna nuna wa 'ya'yansu don su san dā suna da ƙasa tasu. Da suka sake samun 'yanci suka mai da lats a 1993. Yau takardun nan nasu na fari masu tara tsofaffin kuɗi nema suke yi ido rufe.

Mu a nan Idu ba mu da hujja. Babban Banki ya buɗe gidan ajiyar tsofaffin kuɗi cikin Abuja a 2009, ba nisa. Amma yaron ƙauye yaushe zai je can? Malaminsa ne zai kai masa.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in an tafi hutu kowa ya tambayi dattawan gidansu da ladabi. Abin da aka samu kada a wanke, kada a liƙe da ƙaro. A sa shi tsakanin takardu busassu, a rubuta shekararsa da labarin mai shi. Kafin mu gama kwaleji, sai a tarar muna da abin nuna wa yara.