Zumunta A Ƙafa Ta Ke

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, akwai wata al'ada da ke neman yin saiwa a tsakaninmu, wadda ya kamata mu tumɓuke tun ba ta yi ƙarfi ba. Watau da an tashi daga aji, sai kowa ya nufi 'yan garinsu, Bahaushe wurin Bahaushe, Bafillace wurin Bafillace, ɗan Kudu kuwa ya ci tuwonsa shi kaɗai. Ba faɗa a ke yi ba, amma fa ba a san juna ba, rashin sani kuwa shi ke haifar da zato.

Mu dubi ƙasar nan ta Gumel. Mangawa suka kafa sarautarta, kuma a ƙarni na 19 ta sha yaƙi da Haɗejiya da Damagaram. Yau ga shi kowace Alhamis mutanen Damagaram na koro shanu da raƙuma kasuwar Maigatari, suna ciniki da jikokin abokan gaban kakanninsu. Yawan cuɗanya ya kawo haka, kowa ya ga yana bukatar ɗan'uwansa.

Haka kuma Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921. Can Ahmadu Bello na Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauci, da Kashim Ibrahim na Barno, da Aliyu Makaman Bida suka yi karatu. Da mulki ya zo hannunsu, ba su sha wuyar aiki tare ba, don makaranta ɗaya ta rene su.

To, ga shawararmu. In za a tura mu koyon aikin koyarwa ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, a riƙa haɗa mu biyu-biyu, kowa da wanda ba harshensu ɗaya ba, mu shirya darasi tare, mu ci a akushi ɗaya. A azuzuwan nan za mu tarar da ɗan manomi da ɗan makiyayi bisa tabarma ɗaya, alhali watakila iyayensu sun yi cacar baki da kaka saboda shanu sun shiga gona. Malamin da bai taɓa zama da kowa ba sai nasa, ta yaya zai shirya yaran nan?

Kada mu jira sai hukumar makaranta ta yi doka. Gobe a ɗakin cin abinci kowa ya sake wurin zama. Allah ya haɗa kanmu, amin.