Hoton Sarki, Kuɗin Wa?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ku kasa kunne.

Zanen hoton sarki da fentin mai al'adar Turawa ce, kuma ba kayan arha ba ne. A 1955 wani mutumin Italiya, Pietro Annigoni, ya gama hoton Sarauniya Elizabeth. Wa ya biya? Tsohuwar ƙungiyar masu sayar da kifi ta Landan. A 2024 aka buɗe na Sarki Charles, wanda Jonathan Yeo ya zana, shi kuwa don zauren ƙungiyar 'yan yadi aka yi shi. Ashe ko a Ingila aljihun kasuwa ke shafa wa sarauta fenti! Amma su attajirai ne, sun yi ɗaruruwan shekaru suna tara dukiya, kuma don ransu suka bayar.

To, mu fa? Tun da dogo ya iso Ƙaura a 1929 gyaɗarmu da audugarmu suka yi ta cika taragai, riba ta bi jirgi, gumi ya tsaya a gona. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako na Zamfara saboda 'yan bindiga, har ta Shinkafi mai ci ran Alhamis. Shin wanda ya sha wannan wuya ne za a miƙa wa ƙoƙon karo-karo don ƙawata bangon fada?

Ku tuna da Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi. Ba wanda ya zaunar da shi ya zana fuskarsa, amma ga sunansa nan a kan gari. A 2022 kuwa gwamnati ta tuɓe Sarkin Zurmi. Hoto ba ya riƙe rawani, adalci ke riƙe shi.

Ba gaba muke yi da mai zane ba, sana'arsa yake ci. Abin da muke faɗi uku ne. Wanda ke son hoto ya biya daga aljihunsa, tuwon girma miyarsa nama. Kada a taɓa baitulmali ko kuɗin shiga na kasuwa. In kuwa za a zana, a ba yaranmu masu zanen allon shago da jikin mota, a biya su kafin guminsu ya bushe.

Duk wanda ya zo rumfarku neman kuɗin hoto, ku tambaye shi: wa ya aiko ka, ina rasit?

Allah ya sawwaƙe mana, amin.