Ra'ayinmu: A Riƙe Amana a Cinikin Kayan Gyaran Firij

Tun 2013 Ghana ke aiwatar da dokar hana shigo da tsofaffin firij, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan a gidajen Bulpiela da ke Tamale, mata na neman abinci da su wajen sayar da ƙanƙara da zoɓo. Sau da yawa matsalar ba ta wuce robar ƙofa da ta saki ba, sai a ɗora wa mai firij tsohon kwamfiresa da sunan sabo, ko a zuba gas ɗin R600a mai kamawa da wuta a injin R134a. Muna kira ga 'yan kasuwarmu da su duba lambar da ke jikin inji kafin ciniki, su kuma faɗi gaskiyar kayansu. Jarin talaka amana ne.